MAKAƊIN DA BAI BAR ƊAUKAR KARATU BA

Ran 19 ga watan Maris na 1982, da hantsi, wani ƙaramin jirgin sama ya faɗi kusa da garin Leesburg, a Jihar Fulorida ta ƙasar Amurka, ya kama wuta. Mutum uku ne a ciki, ba wanda ya fita da rai. Ɗaya daga cikinsu wani saurayi ne mai shekara 25, makaɗin jita, sunansa Randy Rhoads. Yau an fi shekara arba'in da aukuwar wannan al'amari, amma har yanzu in masu kaɗa jita suka zauna lissafin gwanaye da wuya su kai na goma ba su ambace shi ba. Abin mamaki kuwa shi ne, duk kwanakin da ya yi duniya na jin sunansa ba su cika shekara uku ba, kuma faifan da wannan suna ya rataya a kansu guda biyu ne tak.

Mun san akwai masu karatu da za su ce, me ya haɗa mu da makaɗin Turawa, balle ma mai irin kiɗan nan da ke kashe dodon kunne? Tambaya ce mai ma'ana, ba kuwa za mu kauce mata ba. Ba mu zo tallan kiɗan ba ne. Wanda kunnensa bai karɓe shi ba, ba wanda zai tilasta masa. Abin da muka gani shi ne, cikin tarihin wannan saurayi akwai magana a kan malami da almajiri, da kuma magana a kan ganganci, waɗanda duk mai renon yara ko mai koyad da su ya kamata ya ji. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, mutane sun fi tunawa da saurin yatsunsa, alhali abin da ya fi cancanta a tuna shi ne yadda ya yi ya sami wannan sauri, da abin da ya ci gaba da nema bayan ya same shi.

IRIN KIƊAN

Bari mu fara bayyana kiɗan kansa, domin wanda bai san dawa ba ba ya gane gwanintar maharbi. Sunansa hebi metal, watau ƙarfe mai nauyi. Galibin masu tarihin kiɗa suna jingina asalinsa ga Ingila, musamman birnin Birmingham mai yawan masana'antu, inda wasu samari huɗu 'ya'yan ma'aikata suka kafa ƙungiyar Black Sabbath, suka fid da faifansu na farko cikin 1970. Ginshiƙin kiɗan shi ne jitar lantarki mai tsirkiya shida. A kan haɗa ta da akwatin ƙara sauti, a buɗe shi har sai sautin ya yi kaushi, ya riƙa gurnani kamar injin niƙa. A gefe kuma ga ganguna, ga wata jita mai babbar murya, ga mawaƙi. A tsakiyar kowace waƙa mawaƙi ya kan yi shiru, a bar wa mai jita fili ya nuna abin da ya iya. A wannan ɗan fili ne a ke gane gwani da ɗan koyo.

Yawancin makaɗan farko na wannan fanni da kunne suka koya. Sun gaji salonsu daga kiɗan bulus na baƙar fatar Amurka, wanda ya fi zama a kan matakan sauti biyar, kusan irin waɗanda kunnenmu ya saba ji a goge da garaya. Ba aibi ba ne, an yi abubuwan ƙwarai da matakan nan biyar. Amma Turai tana da wani tsohon gado na kiɗa wanda a ke rubutawa a takarda, a karanta shi kamar littafi, mai matakai bakwai da ƙa'idodi masu yawa na yadda sauti ke bin sauti. Kafin Rhoads an sami waɗanda suka ɗebo daga wannan rijiya, kamar Ritchie Blackmore na ƙungiyar Deep Purple. Saboda haka ba za mu ce shi ne na fari ba. Sai dai shi ya tashi ne a cikin gadon tun yana yaro, ba tsintarsa ya yi da girma ba.

GIDA DA MAKARANTA

An haife shi ran 6 ga Disamba 1956 a Santa Monica, cikin Jihar Kalifoniya, shi ne auta cikin 'ya'ya uku. Bai cika shekara biyu ba mahaifinsa ya bar gidan, reno ya koma kan uwa ita kaɗai. Sunanta Delores. Ta yi karatun kiɗa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles har ta sami digiri, kuma tana da 'yar makarantar koyad da kiɗa mai suna Musonia a unguwar Hollywood ta Arewa, da ita ta ciyad da yaranta. Yaron ya fara taɓa jita yana wajen shekara bakwai. Uwar ba ta bar shi ya yi ta kaɗe-kaɗe da ka kawai ba, ta sa shi ya koyi karanta rubutun kiɗa da ƙa'idodinsa. Da ya nemi jitar lantarki, ta haɗa shi da wani malami na makarantar. Ba a daɗe ba malamin ya zo ya gaya mata cewa abin da ya sani ya ƙare, yaro ya shanye duka.

A nan ya kamata a yaba wa mutum biyu. Na farko uwar, wadda ba ta ce wa ɗanta kiɗan samarin zamani shirme ne ta fasa masa jita ba, ba ta kuma sake masa linzami ba. Ta dubi abin da zuciyarsa ke so, ta ɗora masa ilmi a kai. Na biyu malamin, wanda ya faɗi gaskiya sa'ad da almajiri ya wuce shi. Malamai nawa ne za su iya wannan? Da yawa sai su ci gaba da karɓar kuɗin wata, suna juya yaro a wuri ɗaya kamar jakin niƙa, don kada a ce sun kasa.

Da ya zama saurayi sai shi ma ya shiga koyarwa a makarantar uwarsa. Da rana yana zaune da almajirai ɗaya bayan ɗaya, da dare kuma yana kiɗa a gidajen rawa na Los Anjeles tare da ƙungiyarsu Quiet Riot, wadda suka kafa tun bai kai shekara ashirin ba. Sun yi suna a garinsu, amma kamfanonin faifai na Amurka suka ƙi su. Faifai biyu da suka yi ba a sayad da su ba sai a Japan. A wannan zamani kuwa wani makaɗi na garin, Eddie Van Halen, shi ne duniya ta juya wa ido. Wani da ya ga haka da ya karaya, ko ya koma kwaikwayon wanda ya yi sa'a. Shi dai ya ci gaba da koyarwarsa.

Daga baya, cikin hirarrakinsa da 'yan jarida, ya bayyana cewa koyarwar nan ita ce ta gyara masa hannu. Mu da muka san aji ba mu yi mamakin wannan ba. Almajiri ya kan zo da waƙar da ya ji a rediyo ya ce a koya masa, tilas malami ya zauna ya warware ta. Wani ya kan yi tambayar da malami bai taɓa yi wa kansa ba. Abin da hannu ke yi ba tare da tunani ba, in za a koya wa wani, dole a tsaya a rarraba shi gaɓa-gaɓa, a san dalilin kowace gaɓa. Kowa ya maimaita darasi ɗaya wa mutum goma a yini guda, shi ne ya fi su duka amfana da shi. Wannan gaskiya ce a lissafi, gaskiya ce a nahawu, ashe gaskiya ce a jita ma.

FAIFAI BIYU

Cikin 1979 'yan Black Sabbath suka kori mawaƙinsu, Ozzy Osbourne, saboda shaye-shayensa sun yi yawa. Mutane da yawa suka ɗauka tasa ta ƙare. Yana Los Anjeles yana neman makaɗa don ya kafa sabuwar ƙungiya, aka kawo masa Rhoads. Saurayin ya zo da jitarsa da ɗan ƙaramin akwatin sauti na gwaji, yana cikin daidaita tsirkiya da motsa yatsu ke nan aka ce an ɗauke shi. Kafin ƙarshen shekarar ya sauka Ingila.

Osbourne ya sha faɗa, har zuwa tsufansa, cewa wannan yaro ne mutum na farko da ya zauna da shi da haƙuri, ya saurari abin da ke cikin kansa, ya nemo masa ma'aunin sautin da ya dace da muryarsa. To, wane ne ke yin haka in ba malami ba? Mai jita da ke neman suna kawai ya kan so ya danne kowa da ƙara. Wanda ya saba da almajirai shi ya san yadda a ke sauraron mutum, a gano inda ƙarfinsa ya ke. Tare da Bob Daisley mai babbar jita da Lee Kerslake mai ganguna, suka tsara faifan Blizzard of Ozz, ya fito cikin 1980, sa'an nan Diary of a Madman cikin 1981. Waɗannan su ne faifai biyun da muka ambata.

Akwai abu guda game da yadda aka ɗauki faifan nan wanda ya isa shaida a kan halinsa. Max Norman, wanda ya riƙe na'urorin ɗaukar sauti, ya ba da labari cewa Rhoads ya kan kaɗa ɓangarensa na gwaninta, sa'an nan ya sake kaɗa shi daidai wa daida a ɗora a kan na farko, wani lokaci har sau uku, don sautin ya yi kauri. Mai karatu ya yi tunani. Abin da ke fita cikin kunne kamar guguwa, wanda mai sauraro zai zaci haukan yatsu ne kawai, ashe an tsara shi tun daga farko har ƙarshe, an hardace shi, har a ke iya maimaita shi ba tare da ƙwayar sauti ɗaya ta kauce ba. Wannan ba baiwa kaɗai ba ce. Aikin dubban sa'o'i ne a ɗaki, ba mai tafi, ba mai kallo. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

A tsakiyar faifan farko kuma, duk da rugugin da ke kewaye, ya sa wani ɗan kiɗa mai laushi a kan jitar da ba ta da lantarki, wanda bai cika minti ɗaya ba. Ya raɗa masa suna Dee, watau laƙabin uwarsa. Ɗa ya sami dama guda ya yi magana da duniya, ya ware wani ɓangare ya gode wa malamarsa ta farko.

GEMU BA YA HANA ILMI

Ga inda labarin ya fi jan hankalinmu. Ƙarshen 1981 masu karanta mujallar Guitar Player suka zaɓe shi gwarzon sababbin makaɗa. Dubban mutane na cika filaye don su gan shi. A wannan matsayi ne fa, in ƙungiya ta sauka wani gari, ya kan buɗe littafin lambobin tarho ya nemi malamin da ke koyad da jitar gargajiyar Turai, ya biya kuɗi, ya zauna gabansa ya ɗauki darasi. Malamin da watakila almajiransa ba su wuce 'yan yaran unguwa ba, ga shi yana gyara wa wanda hotonsa ke bangon mujallu zaman yatsa. Har wa yau ya gaya wa abokan aikinsa cewa yana son, in ya cika alkawarin da ke kansa, ya bar yawon kiɗa ya shiga jami'a ya yi karatun wannan fanni sosai.

Jama'a, a duba wannan da kyau. Abin da yawancinmu ke yi wa karatu shi ne mu ɗauke shi tsani. In an hau an kai ga aiki, ko albashi, ko suna, sai a ture tsanin. Wannan saurayi ya kai inda dubban samari ke mafarkin kaiwa, ya duba ya ga bai ƙoshi ba, domin ya san akwai abin da bai iya ba tukuna, kuma tafin jama'a ba zai koya masa shi ba. Ba mu san wani ma'aunin mai ilmi na gaskiya da ya fi wannan ba. Mun ga masu takardar shaidar malanta waɗanda rabonsu da buɗe sabon littafi tun ranar jarrabawar ƙarshe, suna karanta wa yaran bana abin da suka rubuta shekara goma sha biyar da suka wuce. Irin waɗannan, makaɗin hebi metal ya fi su riƙon amanar ilmi.

ABIN DA ZA A CE

Ba za mu ɓoye ɗaya gefen ba. Za a ce, ai zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ƙungiyar da ya shiga ta yi ƙaurin suna wajen maye da abubuwan ban ƙyama a kan dandamali, har shugabanta ya taɓa gatsa kan jemage a gaban 'yan kallo cikin Janairu 1982. Iyaye da shugabannin addini a Amurka sun yi ta kuka da waƙoƙinsu da zane-zanen da ke jikin faifansu. Duk wannan gaskiya ne, ba ma kuwa ce wa kowane uba ya so shi ba. Amma shaidar waɗanda suka zauna da Rhoads ta zo ɗaya a kan cewa shi ba ma'abocin ƙwaya ba ne, abin da ya fi ɗauke masa hankali bayan jita shi ne tara 'yan jiragen ƙasa na wasan yara, kuma Osbourne da kansa ya ce a hirarsu ta ƙarshe yaron yana yi masa faɗa ne a kan yawan shan giya. Binciken likita bayan mutuwarsa bai sami wata ƙwayar maye a jikinsa ba. Adalci shi ne a auna mutum da aikinsa. Duk da haka karin maganar bai faɗi ƙasa banza ba, domin farin kan da ya samu ba na hali ba ne, na ajali ne, kamar yadda za mu gani.

Za a kuma ce mutuwar ƙuruciya ce ta kumbura sunansa, da ya tsufa da an ga kasawarsa. Lalle mutuwa ta kan yi wa mutum kwalliya. Amma faifan suna nan, kowa na iya saurara ya yi hukunci. Masana sun kuma lura cewa mabuɗin waƙar Diary of a Madman ya yi kama ƙwarai da wani darasin jita na Leo Brouwer, mutumin ƙasar Kuba. Mu a ganinmu da an ambaci sunan mai shi a jikin faifan da ya fi kyau, domin haƙƙi haƙƙi ne. Sai dai wannan ma ya nuna abin da saurayin ke karantawa a ɗakinsa sa'ad da wasu ke barcin maye.

GANGANCI

Ran 18 ga Maris 1982 suka yi wasa a Knoxville, Jihar Tenesi, suka shiga babbar motarsu suka kwana suna tafiya zuwa Orlando. Da safe suka tsaya kusa da Leesburg don a gyara na'urar sanyaya motar. A wurin akwai ɗan filin jirgi. Direban motar, wanda ya kwana yana tuƙi, yana da ilmin tuƙin jirgi, amma takardar shaidar lafiyarsa ta matuƙa ta riga ta ƙare. Ya ɗauki wani ƙaramin jirgi ba da iznin mai shi ba. A tashi na biyu ya ɗauki Rhoads da wata dattijuwa mai kula da tufafin ƙungiyar. Sai ya shiga sauko da jirgin ƙasa-ƙasa yana shafar kan motar, wai don ya firgita waɗanda ke barci a ciki. Da farko ya wuce lafiya. A ƙarshe fiffike ya bugi motar, jirgin ya kauce ya daki itace, ya afka cikin garejin wani gida da ke kusa. Da aka bincika gawar matuƙin aka sami hodar iblis a jikinsa.

Za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne. Amma wannan magana ta haƙuri ce ga waɗanda aka bari, ba ta wanke mai laifi ba ce. A nan ba hadari ne ya taso ba, wasa ne. Kowace ƙa'ida da aka taka a wannan safiya, ta barci, ta takardar lafiya, ta izni, ta nisan jirgi da ƙasa, an kafa ta ne don kada irin wannan ya faru. Shekara goma sha takwas na nacin yaro, da wahalar uwa, da abin da zai yi nan gaba wanda ba mai iya ƙiyastawa, duk sun tafi cikin 'yan daƙiƙu saboda mutum ɗaya yana son a ce ya iya. Ba sai an je Fulorida a ke ganin irin wannan matuƙi ba. Duk wanda ya taɓa shiga motar haya ya ji direba na tsere da ɗan'uwansa, fasinjoji kuma sun yi shiru don kunya, ya san shi. Kunyar da ke hana mutum cewa a tsaya ya sauka, ita ma tana kisa.

GADO

An binne shi a San Bernardino. Cikin 1987 Osbourne ya fid da faifan Tribute, na wasannin da aka ɗauka sa'ad da Rhoads ke raye. Jitar da ya zana siffarta tare da Grover Jackson, mai kama da kan kibiya, ita ce ta fara ɗaukar sunan kamfanin Jackson, kuma aka ci gaba da ƙera irinta da sunansa. Makaɗa kamar Zakk Wylde da Tom Morello sun ce shi ne ya sa suka duƙufa, har Morello ya raɗa wa ɗansa sunan Rhoads. Cikin 2021 aka shigad da shi zauren tunawa da gwanayen kiɗan rok na Amurka. Uwarsa ta rayu shekara 33 bayansa, ta ci gaba da riƙon makarantarta har tsufa, ta mutu cikin 2015 tana da shekara 95. Osbourne kuma ya mutu cikin Yuli 2025, makonni kaɗan bayan wasansa na ban kwana a Birmingham.

Amma gadon da ya fi waɗannan duka ba a rataye shi a bango ba. Kafin zamaninsa, samari da yawa masu wannan kiɗa suna ganin karatun ƙa'ida abin kunya ne, wai yana kashe zafin hannu. Bayansa, aka sami yara masu dogon gashi da baƙar riga suna zuwa wurin malamai da kansu suna cewa a koya musu rubutun kiɗa, domin sun ji gwaninsu ma haka ya yi. Wanda ya sa yaro ya nemi karatu ba da bulala ba, ya yi aikin da ya gagari malamai da yawa.

Saboda haka kiranmu ga iyaye shi ne, in kun ga yaro ya nace wa wani abu, ko zane, ko kiɗa, ko kwance rediyo, kada ku yi saurin cewa wasan banza ne. Ku nemi ilmin da ke ƙarƙashin abin ku ɗora shi a kai, ku kuma lura da waɗanda ya ke tafiya tare da su. Ga 'yan'uwanmu malamai kuwa, tambaya ɗaya ce. Yaushe rabonka da zama gaban wani ka ce masa, koya mini? In an daɗe, to, wani saurayi mai shekara 25, wanda duniya ke yi wa tafi, bai ga ya fi ƙarfin haka ba. Allah Ya sa mu gane.